Jajayen Sifirin a Hanyar Baure

Harisu ya shekara ashirin da biyu yana gyaran ƙasan mota a garejinsa da ke bakin hanyar Kano a Daura. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa wayoyin wuta. Abin da ke tsakanin taya da jikin mota, nan ce gonarsa. Shi ya sa ranar Juma'ar da Yazid, ɗan yayarsa Barakatu, ya shigo da hantsi da wata baƙar mota mai ƙofa biyu da aka sauke masa daga Kwatano, Harisu bai tsaya kallon fenti ba. Durƙusawa ya yi ya leƙa ƙasa.

"Kawu, so nake ta kwanta," in ji Yazid, yana fito da kwali daga but ɗin bayan motar. "Ta yi ƙasa-ƙasa, yadda ko kaza ba za ta bi ta ƙarƙashinta ba."

Sifirin ne guda huɗu a kwalin, jajaye, gajeru, masu kauri. Harisu ya ɗaga ɗaya ya jinjina. Kaya ne na gaske.

"Ina abokan tafiyarsu?"

"Waɗanne?"

"Shokozoba mana. Sifirin shi ke ɗaukar mota, shokozoba shi ke hana ta tsalle. Gajeren sifirin sai da gajeren shokozoba mai ƙarfi irinsa. Na jikin motar nan dogaye ne, kuma sun sha hanya."

Yazid ya ce ai ya saya, suna Legas, sai nan da mako biyu za su iso. Shi kuwa yau yake buƙata. Yau ne ɗaurin auren abokinsa Munzali a Baure, kuma bayan La'asar abokan ango za su yi wasan mota a filin ƙwallo. Har daga Katsina samari za su zo da nasu.

Harisu ya san halin ɗan yayarsa. Tun yana rarrafe ba ya yarda wuta na ƙuna sai ya taɓa. Sai ya ga magana ba za ta yi ba, gara ya nuna masa da ido. Ya kwance tsofaffin sifirin, ya ɗaura jajayen a kan tsofaffin shokozoba. Da ya gama, motar na nan a sama kan jak, tayoyi na lilo, ya kira Yazid, sannan ya zura hannu da kansa ya kama sifirin gaba na hagu ya girgiza. Ƙarfen ya yi ƙwal-ƙwal a mazauninsa kamar haƙorin da ya kusa fita.

"Ka ji? Duk sanda taya ya bar ƙasa, shokozoba zai miƙe iya tsawonsa, sifirin ya rasa abin da ya danne shi. In ya koma gurbinsa, ka sha. In ya karkace, sai ya fara cin taya."

Daga nan ya sauke motar don ya nuna masa yadda take rawa in an danna ta. Nan ya yi kuskure. Motar ta sauka ta lafe a ƙasa kamar damisar da ta hango akuya, har mai facin da ke maƙwabtaka, Sha'aban, ya bar aikinsa ya zo kallo. Harisu ya danna gabanta ya saki, ta yi sama da ƙasa sau uku kafin ta tsaya. Ya juyo don ya ga ko Yazid ya gani. Yazid na can baya yana ɗaukar hoto.

Aka fara kiran salla. Harisu ya zare makulli ya jefa a aljihu.

"Mu dawo daga masallaci in kwance su. Da tsofaffin za ka je bikin."

"To, Kawu," in ji Yazid. Saurin amsawar bai kwanta wa Harisu ba, amma lokaci ya ƙure.

Da ya dawo, babu mota. Sai sawun taya a kan ƙasar da ruwan jiya ya jiƙa, da tsofaffin sifirin huɗu a jere inda ya bar su.

"Ai da wani makullin ya zo," in ji Sha'aban. "Na ɗauka kai ka sallame shi."

Harisu ya buga waya sau huɗu, tana shiga ba a ɗauka. Ya hau babur ɗinsa ya kama hanyar Baure.

Hadari na haɗuwa a gabas, iska ta ɗauke, gero ya tsaya cak a gonaki. A tudun rage gudu na farko ya ga inda cikin mota ya kankare kwalta, sabon fari fat. Bayan ya wuce Zango ya fara ganin ɗigo-ɗigo a gefen hagu na hannunsa. Ya tsaya ya dangwala da yatsa ya shinshina. Ba baƙin mai ba ne. Wannan ya fi shi tsinkewa. Man shokozoba ne. Da farko tsakanin ɗigo da ɗigo ya kai taku goma. Can gaba ya koma taku uku. Kafin ya shiga Baure ya zama zare ɗaya miƙaƙƙe, daga nan ya ɗauke gaba ɗaya. Harisu ya san abin da ɗaukewar ke nufi: babu sauran mai a ciki.

Filin ya cika. Kiɗa na tashi daga manyan lasifikoki, wata farar mota na juyi a tsakiya tana watsa taɓo, mutane na ihu. Baƙar motar ce ke bi mata, injinta na gurnani. Gabanta na hagu ya ɗan sunkuya, kaɗan ne, sai wanda ya san abin zai lura.

Harisu ya ƙwanƙwasa gilashi. Yazid ya sauke shi kamar faɗin yatsu biyu.

"Kashe motar nan. Shokozobanka ya mutu tun a hanya."

"Kawu, lafiya lau na zo. Zagaye biyu kawai."

"Yazid, don girman Allah."

"Kawu, kar ka ba ni kunya a gaban mutane."

Gilashin ya koma sama. Harisu ya ja ƙofa, a kulle. Farar motar ta fita, mai lasifika ya kira sunan Yazid.

Harisu ya dubi filin da idon aikinsa. Ta gabas ruwa ya ci ƙasa ya bar wani ɗan kwari a gicciye, daidai inda motoci ke karya kwana. Nan taya zai bar ƙasa. Bayan kwarin akwai guntuwar katangar bulo, yara sun jeru a kanta suna lilo da ƙafa, 'yan mata masu tallan gyaɗa da awara na zaune a gindinta.

Ya zare bel ɗin wandonsa ya ruga.

"Ku tashi! Ku bar nan!"

Ya tsula wa na farko, ya tsula wa na biyu, sauran suka watse suna kuka. Ya shuri farantin wata yarinya don ta bi shi. Wata mata ta ɗaga murya tana tsine masa, wani ya ce mahaukaci ne, maza biyu suka riƙe shi ta baya suka ja shi gefe.

Zagayen farko motar ta tsallake kwarin ta dira, aka yi tafi. A na biyu tayan hagu ya ɗaga sosai. Harisu ya ji ƙarar duk da kiɗan, ƙas, sannan fashewar taya. Motar ta daina jin sitiyari, ta taho a gicciye tana noman taɓo, ta haɗu da katangar. Bulo ya zube a kan gyaɗar da ke warwatse. Mazan da ke riƙe da Harisu suka sake shi.

An ciro Yazid da ransa, cinya a karye, ƙirji ya bugu da sitiyari. Ban da shi babu wanda ya ji ciwo, sai sawun bel a bayan yara biyu. Ruwa ya sauko suna hanyar komawa Daura da shi a bayan motar ango.

A barandar asibiti Barakatu ta sami Harisu zaune, kayan Juma'arsa sun yi kaca-kaca da taɓo. An riga an gaya mata ɗanta zai tashi, amma likita bai yi alkawarin ƙafar za ta koma yadda take ba. An kuma gaya mata abin da ƙanenta ya yi a bakin katanga. Ta daɗe tsaye a kansa.

"Harisu, an ce wani ƙarfe aka sa wa motar. Wa ya ɗaura masa?"

Akwai bayani mai tsawo, kuma duk gaskiya ne. Ya duba hannayensa.

"Ni ne, Yaya."

Ta gyara mayafinta, ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, suka ci gaba da jiran a fito da Yazid.