Farar Rigar Ɗanlahadi

Ranar da Ɗanlahadi ya zo Daudawa ya gaya wa mahaifiyarsa cewa baɗi war haka za a keɓe shi ya zama Rabaran, wato limamin coci, Kyauta tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Ta ajiye faifan, ta gode wa Allah, sannan ta tambaye shi inda za a samo farar rigar da zai riƙa sawa lokacin sujada.

"A Zariya ake ɗinka su, Inna. Yadin kanti ne, ana auna mutum a aiko masa."

"Taka ba daga kanti za ta fito ba," in ji ta. "Ni zan kaɗa zarenta."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take. Rabon Kyauta da mazari ya fi shekara talatin. A wurin kakarta ta koyi kaɗi, tun suna maguzanci, tun lokacin da kowace mace a ƙauyensu take da sandar shiɓa da alli a ɗaki. Bayan ta yi aure ita da mijinta suka shiga coci, kasuwa ta cika da atamfa, aka daina kaɗi. Yanzu mijin ya rasu, idonta kuma ya fara hazo.

Babbar gonarsu tana can bakin daji, inda ba mai zuwa saboda 'yan bindiga. Don haka da ruwa ya sauka, sai ta share filin bayan gida da take zuba kuɓewa da yakuwa, ta shuka auduga. Tsutsa ta faɗa wa shukar a tsakiyar damina. Kullum da safe Kyauta kan bi kunya-kunya tana cire su da hannu tana jefa wa kaji. Duk da haka kusan rabi ya lalace. Abin da ta tsinka a kaka bai cika buhu ba.

Ta gurje, ta shiɓe, ta zauna kaɗi. Wata biyu tana yi, yatsunta suka tsattsage. Da ta tara zaren sai ta ƙulle shi a tsohon zane, ta hau motar kasuwa zuwa Ƙanƙara, domin an ce mata akwai wani tsoho, Malam Yahya, wanda shi kaɗai ya rage yana saƙar hannu a unguwarsu.

Ta same shi a zaure, kayan saƙar suna jingine da bango sun yi ƙura. Bayan sun gaisa ta kwance ƙullin. Malam Yahya ya ja zaren tsakanin hannuwansa, ya tsinke. Ya sake jan wani wuri, ya sake tsinkewa.

"Baiwar Allah, wanga zare ba ya hawa masaƙa. Nan kauri, nan siriri. Mi za a yi da shi?"

Ta gaya masa gaskiya: rigar ɗanta ce, wadda zai tsaya da ita gaban jama'a a coci.

Ya juya zaren a hannunsa. "Ni dai saƙa na sani. In kin kawo zare mai kyau zan saƙa miki. Amma wannan ko na ɗaura shi, wahala za mu sha ni da ke."

A mota ta yi kuka kaɗan, ta share da gefen mayafi kafin su kai mararraba. Da ta isa gida ta ware wanda ya yi kyau gefe, sauran ta warware shi gaba ɗaya. Ta gane idon ne ke cutar ta, sai ta daina kallon zaren, ta koma saurarensa da yatsa kamar yadda kakarta ke yi tana hira. Ta fitar da tabarmarta tsakar gida inda rana ke ɗumama hannu. Sannu a hankali zaren ya daidaita.

Karo na biyu Malam Yahya ya ja, ya ja, bai tsinke ba. Ya sa aka kakkaɓe masa kayan saƙar. Amma da ya ji tsawon Ɗanlahadi, ya auna zaren da ido, ya girgiza kai.

"Zai yi jikin riga har idon sawu. Hannuwa ne babu."

Saura mako shida. Ɗanlahadi ya kira ta a waya ya roƙe ta ta huta, ya ce tela zai iya haɗa hannuwan da yadin kanti, ba wanda zai lura.

"Ni zan lura," in ji ta.

Ta zagaya gidajen maƙwabta, duk wanda ya noma auduga ya riga ya kai kasuwa. Da ta dawo ta zauna a bakin gado tana hutawa, hannunta a kan katifa. Katifar auduga ce, wadda aka ɗinka mata tun haihuwar fari. Ta ɗauko reza ta farke ta. Audugar ta dunƙule, ta yi ja saboda shekaru. Ta wanke ta, ta shanya a kan rufin langa-langa kwana uku, ta shiɓe ta sau biyu kafin ta yarda ta kaɗu.

Da Malam Yahya ya gama saƙar, wani tela a Ƙanƙara ya ɗinka rigar da samfurin wata tsohuwa da aka aro masa. Kyauta ta wanke ta da sabulu da bula, amma ba ta yi farin kanti ba. Jikinta launin madara ne, hannuwan kuma sun fi duhu kaɗan.

Ranar keɓewar, Kyauta ta hau mota ta je, ta tarar cocin ya cika har waje, 'yan zumuntar mata suna kaɗa tulu suna waƙa. Mutum huɗu aka keɓe. Uku sun shigo cikin riguna masu ƙyalli, Ɗanlahadi ya biyo su cikin tasa mai nauyi, gumi na bin wuyansa. Kyauta ta ji wata mata a bayanta tana tambayar ko rigar tsohuwa ce. Ba ta waiwaya ba. Da ya ɗaga hannuwansa ya sa wa jama'a albarka a karon farko, ta lura ɗinkin hammata bai ja ba, hankalinta ya kwanta.

Bayan an tashi, wani tsohon Rabaran daga Sabuwa ya kama gefen rigar yana murzawa, ya tambaya wa ya kaɗa zaren. Aka nuna masa Kyauta. Ya ce rabonsa da taɓa irin wannan saƙi tun yana yaro a gidan mahaifinsa.

Ɗanlahadi ya raka ta tasha da rigar a jikinsa.

"Tana ƙaiƙayi a wuya, Inna."

"Wanki uku za ta yi laushi. Kar ka ba kowa, ka kawo mani."

Ya ce zai aiko mata da sabuwar katifa ranar kasuwa. Ta ce to, amma ya haɗo mata da irin auduga mai kyau, domin riga ɗaya ba ta isar mai aiki kowace Lahadi. Direba ya buga jikin mota, ta tattare zanenta ta shiga.