Saƙon Silas na Safe

Catherine tana gyaran kifi a kasuwar Kado aka zo mata da labarin ɗanta Silas: mota ta kife da su a hanyar Bwari, ya rasu. Ta ajiye wuƙar. Har yau ba ta san wanda ya kai ta gida ba.

Washegari da safe wayarta ta yi ƙara. Imel ne daga Silas: "Mama, kin sha maganin hawan jini? Ban da wayo." Haka ya yi ta zuwa kullum. Maƙwabta suka ce a kira fasto. Ita kuwa maganin kawai take sha.

Ana nan sai Farouk, abokin aikin Silas, ya zo gaishe ta a Dutse Alhaji yana sosa ƙeya.

"Mama, ɗanki ya hana ni sakat a ofis."

"Daga kabarin?"

"Wallahi! Shi ya haɗa mana kwamfutar da ke rarraba imel. Bai saita ta da hannu ba, tsari ya rubuta mata. Tana duba kanta, in an taɓa wani abu sai ta mayar yadda ya ce. Oga ya ce in rufe akwatin saƙonsa. Na goge, kafin in gama shan shayi ya dawo. Na sake gogewa, ya sake dawowa."

Catherine ta yi dariya har da hawaye, irin wadda ba ta yi ba tun rasuwar. "Taurin kan ubansa ke nan! Har inji ya koya wa."

"Yanzu na gane. A cikin tsarin zan cire, ba zai ƙara dawowa ba. Sai dai saƙon da ke zuwa miki kullum ma a can yake."

Dariyar ta tsaya. Ta shiga ɗaki, ta fito da busasshiyar tarwaɗa a leda.

"Kai wa ogan naka. Ka ce masa tsohuwar nan ba ta shan magani sai an yi mata faɗa."

Oga ya ci kifi, ya ce a rufe akwatin, amma kada a taɓa layin Mama. Farouk ya bar shi cikin tsarin, da sunan Silas.

Har yanzu kowace safiya wayar tana ƙara. Catherine ta haɗiye ƙwayar, ta kora da ruwa, ta kalli wayar ta ce, "Na sha, sarkin naci." Sannan ta ɗauki wuƙarta ta nufi Kado.