Tsarabar Sevran da Ranta

Jirgin ƙasa bai daɗe da barin Lyon ba Hamdiya ta fara jin ƙwaras-ƙwaras a ƙarƙashin kujerarta. Ta sa dunduniya ta danne murfin galasiyar, akwatin sanyin da ta tura a wurin, ta juya fuska wajen taga.

Jiya ne Mustafa, ɗan Kano da suke aji ɗaya, ya kai ta wani tafki a bayan gari. Ya ɗaura kan sardin a tsakiyar wata 'yar raga mai faɗin faifai, ya zura ta ruwa, ya jira, ya fizgo. Sai ga su jajaye, suna ɗaga hannuwa kamar almakashi.

"Mu kirefish muke ce musu, amma busassu muka sani, a dake cikin miya. Ku fa?"

"Inna tana cewa jatan lande."

"Wancan ai na teku ne. Faransawa su ce ekrebis. Ku 'yan Maraɗi da gulbinku sai da damina, ina za ku samo suna?"

Ya nuna mata yadda ake murɗe reshen tsakiya na wutsiya a zaro hanjin su mutu, ya ce ta yi wa dukansu haka kafin ta bar bakin ruwa, ya tafi aiki. Ita kuwa ta kira Inna Husainatu, ƙanwar mahaifiyarta da ke Sevran, a gefen Paris.

"Kawo mini su da ransu," in ji Inna. "Wa ya taɓa kai wa babba tsarabar kaza yankakkiya?"

Yanzu wayarta ta yi ƙara. Mustafa ne.

"Malama, an ci an sha romo?"

"Suna nan da ransu. Paris zan kai su, ina cikin jirgi."

Nan take ya daina wasa.

"Innalillahi. Hamdiya, irin Amurka ne, cinye na ƙasar nan suke yi. Doka ta hana yawo da su da rai. Me kika zaci ya sa na ce ki zare su a can?"

"Na ɗauka don girki ne."

"In aka kama ki, magana ce ta tara, har kotu ana zuwa. Kuma ba ke ce takardunki suke firifektir, ofishin izinin zama, ba?"

Wata mai zuwa izinin zamanta zai ƙare, ga binciken digirinta ko rabi bai kai ba. Ba ta san ko laifin jatan lande yana shiga fayil ɗin mutum ba, kuma ba ta son ta zama wadda za a gwada a kanta.

Tsohon da ke kusa da ita ya sauke jaridarsa, ya karkata kunne ƙasa. Can ƙarshen taragon, mai duba tikiti, mace doguwa, ta fara bin kujeru.

Hamdiya ta rungumi galasiyar ta shige makewayi ta kulle. Wurin ko juyawa da ƙyar. Ta tsuguna ta buɗe. Suna hawan juna, gashin bakinsu yana lilo. Ita da ko ƙadangare ba ta iya taɓawa. Ta yi bismilla ta kamo ɗaya ta baya, ya lanƙwaso ya datse mata babban yatsa. Ta cije mayafinta don kada ihu ya fita. Ta murɗe, ta ja, baƙin zaren ya biyo. Ta kamo na biyu. Jirgin yana jijjiga ta da bango, ruwan ƙarni yana jiƙa mata siket, jini yana bin tafin hannunta. Ta daina kallon idanunsu.

Aka ƙwanƙwasa.

"Madam? Lafiya? An ce kin daɗe a ciki."

Ta rufe murfin, ta buɗe ƙofa. Mai duba tikitin ta kalli hannunta, ta kalli galasiyar.

"Me ke ciki?"

"Abinci ne. Zan kai wa innata." Muryarta ba ta fi ta sauro ba.

"Buɗe."

Ta buɗe. Matar ta sunkuya ta daɗe tana duba su, suna kwance birjik, wutsiyoyi a sake. Hamdiya ta fara sakin numfashi. Sai daga ƙasan tarin wani hannu ja ya tura sama, ya buɗe, ya rufe.

Matar ta miƙe tsaye, hannunta a kan na'urar da ke rataye a ƙugunta.

Hamdiya ta tura yatsunta masu jini cikin tarin, ta lalubo shi, ta murɗe wutsiyar a gaban idon matar, ta ajiye shi a kan 'yan'uwansa.

"Akwai saura?"

"Ban sani ba."

"To, duba. Zan tsaya."

Ta tsaya kuwa, kafaɗarta tana tokare ƙofar, har Hamdiya ta juya su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Tikitinki. Kuma ki wanke hannun nan tukuna."