Daga Wuya Zuwa Ƙasa

Idan jami'a ta tafi dogon hutu, titin da ke gaban babbar ƙofarta sai ya yi tsit, masu shaguna su fito da kujeru bakin ƙofa suna hamma suna kallon juna. A irin wannan lokaci Anti, mai shagon kayan mata na yayi da ke tsakanin mai gyaran waya da mai wankin hoto, takan zauna bayan teburinta ta bar fanka tana kaɗa rigunan da ke rataye. Su yi ta lilo a hankali, wannan ta taɓa kafaɗar waccan. Idan ta lumshe ido sai ta ga kamar 'yan matan jami'ar ne suka dawo, suna raɗa suna ƙyalƙyala dariya, suna gwada abin da ba su da niyyar saya.

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Anti, sunan ya bi ta har 'yan uwanta suka koma kiran ta da shi. Mace ce mai idon sana'a. Kafin yarinya ta gama sallama, Anti ta riga ta san rigar da za ta zauna mata a jiki da wadda za ta ba ta kunya. Amma fa kada ka tambaye ta kamannin yarinyar bayan ta fita, don abin da za ta ce maka shi ne, "Wacce? Mai faɗin kafaɗar nan?"

Hutun bana bai zo mata da daɗi ba. Auta, 'yarta, ta gama karatu a jami'ar nan ta tsallaken titi, ta kuma samu aiki a wani gari mai nisa, irin nisan da ba a zuwa a dawo a hutun ƙarshen mako. Yau za ta tafi, akwatinta na nan jingine kusa da labulen ɗakin gwaji. Anti ba ta ce mata kada ta tafi ba. Ita ce ma ta ninke mata kayan da hannunta, tana yi tana faɗa a kan yadda yaran yanzu ba su iya ninki ba. Faɗan dai duk na ɓoye abin da ke cin ta a rai ne, domin ba ta san yadda za ta buɗe shagon nan gobe ba tare da yarinyar ba.

Auta ta fita sallamar maƙwabta ke nan sai mai wankin hoto ya leƙo. Dattijo ne, shi ma kasuwarsa ta tafi hutu tare da ɗalibai.

"Anti, ki turo min hoton Auta mai kyau in wanke miki babba, ki rataya nan saman madubi," in ji shi. "Da nawa yaron ya tafi haka na yi. Kullum da safe sai mun gaisa, ga shi ba ya mayar min da magana."

Anti ta yi dariya. "Hoton Auta? Ai duk garin nan babu uwar da ta kai ni yawan hoton 'yarta. Je ka, yanzu zan zaɓo maka."

Ba ƙarya ta yi ba. Tun da Auta ta yi tsayi, duk sabon kayan da ya shigo shagon ita take fara sakawa. Sai ta tsaya jikin taga inda hasken safe yake sauka, hannu ɗaya a ƙugu, ƙafa ɗaya gaba, Anti ta ɗauka da waya ta tura wa 'yan jami'a, kafin azahar shago ya cika. Doka ɗaya ce a ɗaukar, Anti kuma ba ta taɓa karya ta ba: daga wuya zuwa ƙasa. Tana cewa mai saye ta fi so ta ga riga babu kai don ta ɗora nata a kai, sannan ita ba za ta bar fuskar 'yarta tana yawo a wayoyin mutanen da ba ta sani ba. Ba yanke kan take yi daga baya ba, tun wurin ɗauka take tsayar da wayar a wuya. Har 'yan matan suna tsokanar Auta cewa ƙanwar Ba-Kai ce, wato mutum-mutumin nan marar kai da ke tsaye a bakin shago.

Anti ta gyara zama, ta buɗe wayar, ta fara ja da yatsa. Shekaru suka riƙa wucewa da baya a gabanta. Ga shekarar da kowa ya haukace a kan manyan hannaye, ga wadda aka koma matsattsu. Ga lokacin da ruwan toka ya yi tashe, har ta yi rantsuwa ba za ta ƙara kawo shi ba, ta kuma kawo. Riguna suna ta shawagi, shuɗi ya narke ya zama ruwan hoda, ruwan hoda ya koma kore, tagar nan ɗaya, hasken nan ɗaya, sai ka ce safiya guda ce aka yi ta canja mata kaya. A kowanne akwai hannun Auta, wani da tabon biro a yatsa, wani da agogon da ya ɓace tuntuni. Anti tana murmushi tana cewa a ranta, na gaba zai yi. Na gaban ya zo, shi ma a wuya ya tsaya.

Murmushin ya tafi. Ta ƙara sauri har ta kai ƙarshen hotunan, ta dawo ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ko da akwai ranar da hannunta ya goce ya kamo haɓa. Hannunta bai taɓa gocewa ba, abin da take alfahari da shi ke nan. Ta ajiye wayar ta rufe ido don ta kira fuskar 'yarta, sai ƙashin wuya ya zo mata, da faɗin kafaɗa, da tsawon hannu daidai yadda za ta faɗa wa tela. Fuskar da ta zo daga ƙarshe ta wata 'yar ƙaramar yarinya ce mai giɓi, wadda ake ɗorawa a kan tebur tana wasa da maɓallai. Tsoro ya kama Anti sosai.

"Umma, lafiya? Barci kike yi a zaune?" Auta ce ta shigo, tana sanye da tsohuwar rigarta da ta koɗe, wadda ta ware don tafiya.

"Hotonki nake nema," in ji Anti, ta miƙa mata wayar. "Babu."

Auta ta zauna a hannun kujerar ta jingina da ita, ta ja hotunan, sai ta fashe da dariya. "Kai, Umma. Ai ni duk ina ganin fuskata a nan. Kin ga wannan mai ɗigo-ɗigon? Harshe na zaro miki, tun daga farko har kika gama. Wannan kuma hamma nake yi, ranar da kika tashe ni ina da jarrabawa."

"Harshe? Ni kika zaro wa harshe?"

"Sau nawa kuma. Na san ba kya kallon sama."

Anti ta kai mata ɗan duka a cinya, amma ba ta iya yin dariyar ba. Auta ta ci gaba da ja, ta tsaya a kan wata doguwar riga ruwan zuma, rigar da aka yi rububinta har aka sake kawo wata.

"Wannan kuka nake yi," in ji ta a hankali. "Ranar da na faɗi darasin nan ne, a shekarata ta biyu. Na zo in gaya miki, na tarar kaya sun iso." Ta ja can gaba. "Wannan kuwa ranar da aka kira ni aka ce na samu aikin. Bakina a buɗe yake, zan fara magana ke nan kika ce in ɗaga kafaɗa."

Anti ta ƙura wa rigar ruwan zuman ido. Ta tuna ranar sarai. Ta tuna yadda ƙasan rigar ya ƙi kwanciya har sai da ta durƙusa ta kama shi da fil, ta tuna daɗin da ta ji da hoton ya fito. Tana durƙushe a gaban yarinyar ashe, yarinyar tana kuka a sama.

"Me ya sa ba ki ce min komai ba?"

"Ya wuce, Umma. Rigar ma ai ta yi kasuwa."

A waje mai tasin da zai kai Auta tasha ya tsaya ya danna hon. Anti ta miƙe. "Je ki jikin taga."

Auta ta tafi ta tsaya inda ta saba, hannu ya hau ƙugu da kansa, ƙafa ɗaya ta yi gaba. "Wacce zan saka?"

"Wadda ke jikinki."

Ranar ta riga ta juya, hasken da ke shigowa ba na safe ba ne, wani ja-ja ne mai laushi da ƙura ke iyo a cikinsa. Fanka na kaɗa rigunan a bayansu. Anti ta ɗaga wayar, hannunta ya tsaya cak a wuya kamar kullum, sai da ta tura shi sama da gangan. Fuskar wata cikakkiyar mace ta shigo cikin gilashin wayar, mai girar mahaifinta, da wani ɗan tabo a gefen ido wanda Anti ba ta san da shi ba. Auta ta sauke hannun daga ƙugu, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Umma, yaya zan yi da fuskata? Ban saba ba."

"Kada ki yi komai."

Mai tasi ya sake danna hon. Anti ta sauke wayar a hankali ta ajiye ta a kan tebur.

"Umma, ba ki ɗauka ba fa."

"Na sani," in ji Anti. "Tsaya tukuna, ina kallo."