Firijin Auta

Duk layin da shagonsa yake, babu mai kiransa da wani suna sai Injiniya, ko da yake bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Firij yake gyarawa. Shekara ashirin da huɗu ya yi yana durƙuso a bayan firijin mutane, yana kasa kunne ga kukan kwamfireso, injin da ke ba da sanyi, kuma in ya ce maka gas ne ya tsiyaye, to kada ka ɓata bakinka, gas ɗin ne. Mutum ne mai ji da aikinsa har ya ɗan wuce gona da iri. Matarsa kan ce da firij na magana, da ya fi ta samun hira a wurinsa.

'Yarsu ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, shekararta goma sha biyar. Tun tana sha biyu ciwon hanji ya kama ta, wanda likitoci ke kira Crohn: ciki ya yi ta murɗawa, gudawa da jini, abinci ya ƙi zama, yarinya ta rame har zoben hannunta ya riƙa faɗuwa. Maganin da ya tashe ta na ƙarin ruwa ne, duk wata biyu a asibiti. Ya riƙe ta kusan shekara uku, ta yi kumatu, ta koma makaranta, ta koma rashin kunyarta ta autanci. Sai wata rana ana tsakar ƙarin ruwan jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya nemi gagararta, aka zare allurar da gudu.

Likitar, mace ce mai magana a hankali kamar ba ta son tada kowa, ta zaunar da su ta yi musu bayani. Jinin Auta ya gane maganin, ya ɗauke shi abokin gaba, ya haɗa masa sojojin da ke kashe shi kafin ya yi aiki. Wannan maganin ya tafi ke nan, ba a komawa. Akwai wani ɗan'uwansa, allura ce mai kama da alƙalami, ana yi a gida duk sati biyu.

"Irin waɗannan magungunan ba su da yawa," in ji ta. "Kowanne muka rasa, mun rasa. Sannan akwai wani wuri a hanjinta da ya fara tsukewa. In wannan ya karɓe ta, muna fatan wurin ya saki. In bai karɓe ta ba, maganar tiyata za mu yi."

Ranar da aka koya musu yadda ake allurar, Injiniya bai je ba, yana can yana fama da firizar wani mai sayar da kifi. Maman Auta ce ta dawo da kwalin a cikin jakar sanyi, tana riƙe da ita da hannu biyu.

"Sun ce a firij zai zauna," ta ce. "Kada zafi ya taɓa shi ko kaɗan. Nas ɗin ta yi ta nanatawa, ta faɗi wasu lambobi ma, suna cikin takardar."

"Lambobi," in ji shi, ya yi 'yar dariya. "Maman Auta, ni za a koya wa lambar firij?"

Gaskiya ranar ya yi farin ciki, irin wanda ya daɗe bai yi ba. Shekara uku yana tsaye a bakin gadon asibiti hannu a aljihu, bai san abin da ake ɗura wa 'yarsa ba, bai iya komai ba sai sannu. Yau ga shi ciwon ya shigo fagensa. Firijin gidan bai yi masa ba, yara na buɗewa sau ɗari a wuni. Ya ɗauko wani ƙarami daga shago, ya sa masa sabon kwamfireso, ya canza robar ƙofa, ya yi masa fenti fari, ya haɗa shi da batir saboda ɗaukewar wuta. Ya murɗa ma'aunin sanyin har ƙarshe, sannan ya buɗe bayansa ya ƙara masa kaɗan da sukudireba, don a shekarunsa na aiki bai taɓa ganin wanda ya dawo da firij yana kukan sanyi ya yi yawa ba. Ya jingina kwalin da ƙarfen baya, daidai inda sanyin ke fitowa. Aka ajiye firijin a ɗakin Auta, aka kafa doka ko ruwan sha ba a sa wa a ciki.

Alluran farko a asibiti aka yi su, kuma sun yi kyau. Sati biyu Auta na cin abinci tana neman ƙari, tana tsokanar yayunta. Daga nan aka koma na gida. Ita take yi wa kanta, ranar Asabar da hantsi: ta fito da alƙalamin, ta ajiye shi a kan tebur ya huce kamar yadda aka koya mata, ta rufe ƙofa, ta danna a cinya. Injiniya ba ya iya kallo. A bakin ƙofa yake tsayawa har ya ji ƙarar dannawar, sannan ya tafi shago.

A sati na biyar ya fara lura da ƙofar banɗaki. Gidan ba shi da girma, kuma shi mutum ne mai kunne. Kafin ya gama shayin safe sai ta buɗu sau uku. Auta ta fara ture kwano, tana cewa ta ƙoshi. Ta fara zama a naɗe a kan kujera, gwiwa a ƙirji, filo a ciki, irin zaman da duk gidan suka sani kuma babu mai son ambata. A sati na bakwai ta daina zuwa makaranta. A na tara ta yi amai kore bayan cokali huɗu na shinkafa, cikinta ya kumbura yana ƙugi har ana ji daga falo.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki. Likitar ta daɗe tana kallon takardar kafin ta ɗago.

"Maganin kusan babu shi a jininta," ta ce. Ta juya ga Auta. "'Yata, ki gaya mini gaskiya, ba zan yi faɗa ba. Kina tsallake allurar?"

"Ban taɓa tsallakewa ba."

"A firij kuke ajiyewa?"

"Likita, firij nake gyarawa," in ji Injiniya. "Nata daban na haɗa mata. Ko wuta ta ɗauke ba ya tsayawa."

Likitar ta gyaɗa kai, ta wuce wannan tambayar, don wa zai tsaya bincikar mai gyaran firij a kan firij. Ta ce to mai yiwuwa jikin ya sake yin abin da ya yi wa na farko. Wurin da ya tsuke kuma ya ƙara tsukewa. Su dawo ranar Alhamis, likitan tiyata zai zauna da su.

Ranar Laraba da azahar aka kira shi wani kantin magani a bayan tasha. Ya tarar da mai kantin, wani dattijo mai tabarau, yana kwashe kwalaye daga firij yana zubawa a baƙar leda, ransa a ɓace.

"Ya daina sanyi ne?" Injiniya ya tambaya, yana ajiye jakar kayan aiki.

"Ina ma. Yawa ya yi. Da safe na tarar da komai ya daskare."

Injiniya ya ɗauki wata ƙaramar kwalba daga ledar, ya ɗaga ta saitin haske. Ruwan ciki garau, ko gurɓata bai yi ba.

"Ai ta narke, Malam. Lafiyarta ƙalau. Me za ka zubar?"

"A ido ba." Dattijon ya karɓe kwalbar ya mayar cikin ledar. "Irin waɗannan ba kamar ƙwaya ba ne, Injiniya. Allurar masu ciwon suga, rigakafi, da sauran masu zama a firij. In suka daskare sau ɗaya sun mutu, ko sun narke ba sa dawowa. Ka yi wa mutum, kamar ka yi masa ruwa. Gara ma zafi, wani lokacin ka gane. Wannan ba ya nunawa."

Injiniya ya durƙusa a bayan firijin kamar yadda ya saba. Ya daɗe a wurin riƙe da sukudireba bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Mai kantin na ta magana a kansa, shi kuwa ba ya ji. Daga baya ya miƙe ya ce akwai abin da ya manta a shago, zai dawo.

Gida ya nufa. Maman Auta ta fita kasuwa, Auta na kwance a falo ta juya wa ƙofa baya. Ya shiga ɗakinta a hankali, ya buɗe farin firijin. Yana aiki lafiya lau, ko ƙara ba ya yi, aikin hannunsa. Ya ja kwalin, kwalin ya ƙi tahowa, sai da ya sa ƙarfi ya ɓanɓaro shi daga ƙarfen, fatar kwalin ta tsaya a can. Ya sa ma'aunin zafi na aikinsa ya rufe ƙofa, ya zauna a bakin gadon yarinyar yana jira. Da ya buɗe, digiri huɗu ƙasa da sifili. Takardar na cikin kwalin a ninke yadda ta zo, babu wanda ya taɓa warware ta. Daga biyu zuwa takwas, haka aka rubuta. A ƙasa kuma, da baƙin rubutu mai kauri: kada a bari ya daskare, in ya daskare kada a yi amfani da shi ko ya narke.

Tsoro ya kama shi. Kunya kuma ta biyo baya, kuma abin takaici, kunyar ta fi tsoron baki. Ita ce ta ce masa ya murɗa ma'aunin ya koma daidai, ya goge ƙarfen, ya yi shiru. Likita ta riga ta ɗora laifin a kan jinin yarinyar, jini kuwa ba ya musu. Hannunsa har ya kai kan ma'aunin. Sai ya ji ƙofar banɗaki ta buɗu, ya ji takun Auta tana jan ƙafa, ya ji ta rufe. In ya yi shiru, gobe za a soke sunan maganin nan daga cikin 'yan kaɗan da suka rage mata, alhali ba a ma gwada shi da kyau ba. Ya janye hannunsa, ya bar firijin yadda yake, ya ɗauki hoton ma'aunin zafin da waya.

Bai gaya wa matarsa ba sai da safe a hanyar asibiti.  Ta juya fuska ga taga, ta riƙa murza bakin jakarta har suka isa.

A ofishin likita, likitan tiyata na zaune da hoton cikin a gabansa, ya riga ya zana da'ira da biro a inda za a yanke. Injiniya bai bari an fara ba. Ya ajiye kwalin a kan tebur, ya ajiye wayar, ya faɗi abin da ya yi tiryan-tiryan, har da sukudireban. Ya ce shi ne ya ƙara sanyin da hannunsa.

Likitar ta rufe ido na ɗan lokaci. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Da kyau da ka faɗa," ta ce. "Laifina ma yana ciki, da na tambaya da kyau. Amma ba zan ɓoye muku ba. Jikinta ya ɗanɗana maganin nan, sannan ya yi sati goma kusan babu shi. A irin wannan giɓin ne jini ya fi haɗa wa magani sojoji. Za mu auna yau. In bai haɗa ba, mu sake farawa da sabon kwali."

"In ya haɗa fa?" Maman Auta ta tambaya.

"To shi ma ya tafi."

"Wurin da ya tsuke fa, Likita?"

Likitan tiyata ne ya amsa. Ya ce in kumburi ne, magani na iya sauke shi. In kuwa ya riga ya zama tabo a cikin satin nan goma, babu allurar da ke buɗe tabo. Bai mayar da biron aljihu ba.

Aka tura su ɗakin ɗibar jini. Maman Auta ta shiga karɓo kati, ta bar su biyu a kan benci. Injiniya na kallon ƙasa. Auta na gefensa a naɗe, rigar sanyi ta yi mata yawa.

"Auta," ya ce, "ki yafe mini."

Ta ƙara jan rigar sanyin jikinta.

"Baba, na gani fa."

"Kin ga me?"

"Akwai 'yar taga a jikin alƙalamin. Tun allurar farko a gida na ga ruwan ya yi fari, ba ya motsi. Sai na riƙa barinsa a kan tebur ya daɗe, har ya narke, sannan in yi."

Ya ɗago ya dube ta. 

"Me ya hana ki faɗa?"

"Nas ɗin ta ce kada ya daskare, na ji ta. Na so in tambaye ka." Ta gyara hannun da ke dafe da cikinta. "Sai na ga yadda kake murna da firijin. Kuma na ce ai kai ka fi ta sani."

Daga ciki aka kira lambarsu. Auta ta dafa kafaɗarsa ta miƙe a hankali, a ɗan sunkuye, ta fara naɗe hannun rigarta tun kafin ta kai ƙofar.