Dalmar Birgin Sa'idu

Sa'idu masunci ne a tafkin Madarumfa, kuma bai taɓa sayen dalmar da ake ɗaura wa bakin birgi, wato ragar jefawa ta kamun kifi, don ya nutse ba. Duk wanda batirin motonsa ko na hasken rana ya mutu a unguwar, gidan Sa'idu yake kai shi. Shi kuma sai ya fasa shi da gatari a gindin rumbu, ya zubar da ruwan ciki a ƙasa, ya narke dalmar a wani tsohon kasko. Tokar da ta rage takan kwanta a tsakar gida, fara-fara, har sai matarsa Ɗelu ta share.

A wannan inuwar ta rumbu autarsu Ruƙayya take wasa. Ba ta daɗe da fara tafiya ba, kuma duk abin da ta tsinta baki take kai shi.

Wata rana Isma'ila, yayan Ɗelu, ya biyo da amalankensa. Sana'arsa tara matattun batir da rediyo da salula, yana kai wa masu sayensu a Maraɗi.

"Suruki, ba ni waɗannan tun ba ka fasa ba," in ji shi. "Can akwai masu wurin narkewa, nesa da gidaje."

Sa'idu ya yi dariya. "In ba ka, in ɗaura wa birgina me? Goro?"

"Warin nan ko akuya ba ta tsayawa kusa da shi."

"Akuyar ba ta cin kifi, Yaya."

Da damina ta faɗi, Ruƙayya ta daina cin tuwo. Ta riƙa kuka tana riƙe ciki. Da can in ubanta ya dawo daga ruwa, takan tarye shi a ƙofa tana cewa "Baba, kifi." Sai ta bar faɗa. Maƙwabta suka ce iskokin tafki ne suka biyo shi gida. Aka yi mata hayaƙi, aka ba ta rubutu ta sha. Ranar da ta faɗi tana jijjiga, idanunta sun juye, Isma'ila ya ɗauke su zuwa asibiti a Maraɗi.

Bayan an auna jininta, likitar ta zaunar da Sa'idu, ta tambaye shi a hankali ko ana fasa batir a gidansu.

"Ni nake fasawa," ya ce. "Amma ba ta taɓa zuwa kusa da wuta ba."

"Ba wutar ba ce, Malam. Ƙasar ce. Dalma ta shiga jininta, ta kai ga ƙwaƙwalwa. Za mu ba ta maganin da zai rage ta. Abin da ya riga ya lalace, ba zan yi maka alkawari a kansa ba."

Ɗelu ta gyara wa yarinyar zane.

Kafin a sallame su, Sa'idu ya koma gida shi kaɗai. Ya ƙanƙare ƙasar tsakar gidan da fartanya, ya zuba a buhuna, ya kawo sabon yashi ya shimfiɗa. Sauran batir ɗin da bai fasa ba ya loda wa Isma'ila, har da kaskon.

Yana cikin lodin, maƙwabcinsa Ɗan Baba ya leƙo da wani batir a kafaɗa.

"Ara mini kaskon nan mana, in ka gaji da shi."

Sa'idu ya gaya masa abin da likita ta ce, bai rage komai ba. Ɗan Baba ya jinjina kai, ya yi addu'ar Allah ya ba yarinya lafiya, ya juya da batirinsa. Da la'asar hayaƙi mai ɗaci ya taso ta kan katangarsa, inda 'ya'yansa suke wasa.

Ruƙayya ta dawo gida. Ta rayu, tana cin abinci, tana tafiya tana jan ƙafa ɗaya. Kullum Sa'idu in ya dawo daga ruwa yakan tsaya a ƙofa, ya ɗaga kifi mafi girma.

"Auta, mene ne wannan?"

Takan dubi kifin, ta dube shi, ta ci gaba da wasa da yashi.