Goliyat na Kwana Biyar

Tun ranar Litinin aka ba Delmar Haugen aikin fitowa a Goliyat, ƙaton da Dauda ya kashe, a wasan kwaikwayo, kuma ba a nemi ra'ayinsa ba. Shi ne mafi tsawo cikin mutum goma sha huɗun da cocinsu da ke jihar Minnesota ya turo ƙasar Honduras, su yi mako guda suna koya wa yaran wani ƙauyen kan dutse Littafi Mai Tsarki. Charlene, matar fastonsu, ita ce shugabar tawagar. Ta ƙare masa kallo, ta miƙa masa kwalkwalin kwali da mashin sandar tsintsiya.

"Del, ai Allah bai yi maka wannan tsawon a banza ba."

Shekararsa sittin da shida. Ya yi talatin yana raba wasiƙu gida-gida kafin ya yi ritaya, kuma shi kaɗai yake zaune. A coci shi ke naɗe kujeru in an tashi. Duk shekara idan tawaga ta dawo akan haska hotuna a bango, kowa da yaro a cinya ko a wuya. A takardar neman tafiya ya rubuta "hidima", amma abin da ya kawo shi ƙarami ne: yana son yaro ɗaya ya zo wurinsa da ƙafarsa, ba turo shi aka yi ba.

Wasan ya ƙayatar har ya wuce gona da iri. Delmar ya fito daga bayan mangwaro yana ruri, ƙananan suka fashe da kuka. Colby, ɗan jami'ar da ya fito a Dauda, ya wurgo masa dunƙulen safa da majajjawa, shi kuwa ya faɗi tim kamar an sare itace. Yara tamanin suka ɗauki ihu. Washegari Charlene ta shirya labarin Nuhu, yaran suka ce atafau sai Goliyat. Aka sake. Haka ma Laraba.

In an gama wasa kuwa, babu mai matsowa. Colby na yawo da yara uku rataye a jikinsa, 'yan matan tawagar na zaune ana yi musu kitso. Duk bencin da Delmar ya zauna, sai a bar masa shi. Sau biyu a hanyar masauki ya ji tsakuwa ta sauka a bayansa, ya waiwaya, sai dariya a bayan shinge.

"Ɗan'uwa Delmar, kada ka sa a ranka," in ji Fasto Nahúm, mai cocin ƙauyen, suna cin wake da gurasar masara. "Ka iya mutuwa ne, shi ya ja maka."

"Mista Haugen, ai kai ne gwarzon!" Colby ya ce da cikakken baki. "Ni da nake kashe ka kullum, ko sunana ba su riƙe ba."

"Amma kai suke hawa," in ji Delmar.

Ranar Alhamis Charlene ta yi dabara, ta ba shi kwandon biskit. Yaran suka yi layi a gaban wata 'yar tawagar da ke riƙe da ɗaya kwandon, har nata ya ƙare. Sai ta zo ta karɓi nasa.

Juma'a ce ranar ƙarshe. Gwiwarsa ta hagu ta kumbura tun faɗuwa ta uku, bai gaya wa kowa ba. Ya yi rurinsa, safa ta same shi a goshi, ya faɗi. Yaran suka kwasa a guje zuwa rumfar zane-zane, manyan suka bi su da kyamarori, don a nan za a ɗauki hoton bankwana. Delmar ya yunƙura, gwiwar ta ƙi. Ya koma ya kwanta rigingine, ya rufe ido, yana jiran zafin ya lafa.

Sai ya ji takun silifa, a hankali, ana tsayawa ana tahowa.

Ya buɗe ido kaɗan, ta tsakanin gashin ido. Dilcia ce, 'yar shekara biyar, wadda ta fi kowa kuka ranar Litinin. Ya san sunanta don shi ke rubuta sunaye a katin da yaran ke ratayawa a wuya. Ta taɓa takalminsa da ƙafa, ta ja baya. Da ta ga bai motsa ba, ta tsuguna kusa da kansa.

Ya san abin da zai faru idan ya buɗe ido. Don haka ya ci gaba da zama matacce.

Ta cire masa kwalkwalin. Ta ɗora tafin hannunta a goshinsa, daidai inda safar ta sauka. Hannun na da ɗumi, da danƙon mangwaro. Ta yi ta yi masa magana ƙasa-ƙasa da Sifaniyanci, bai gane ko kalma ɗaya ba, amma muryar irin wadda ake lallashin mai zazzaɓi ce. Tururuwa na hawa wuyansa. Yana jan numfashi kaɗan-kaɗan don kada ƙirjinsa ya tona masa asiri.

Daga rumfa ya ji Charlene na cewa, "Ku matso! Kowa ya yi murmushi! Ina Del ya shiga ne?" Wani ya ce wataƙila ya zagaya. Aka ƙirga uku, aka ɗauki hoton.

Aka kaɗa ƙararrawar abinci. Dilcia ta tashi, ta dawo da wani busasshen ganyen ayaba, ta rufa masa a ƙirji, ta gyara gefensa. Takun silifar ya yi nisa.

Delmar ya ƙara minti biyu a kwance kafin ya lallaɓa ya tashi da taimakon mashinsa.

Bayan wata guda aka haska hotuna a coci, ɗari da sha biyu. Ya fito a uku, duk da kwalkwali, bakinsa a buɗe yana ruri. Jama'a suka yi dariya, aka tafa masa. Da aka tashi, ya naɗe kujeru.